Ranar Gayyar Sama'ilu

Ranar Asabar ɗin da layin gayya ya zo kan Sama'ilu, ita ce kuma ranar da aka ba shi jan addu'ar safe a majami'ar Gidan Magarya. Tun gari bai gama wayewa ba ya isa, ya ɗauki dutse ya hau bugun tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a jikin darbejiya, kamar mai kiran gobara. Tsofaffin da ke tafe a hankali suka dubi juna suka ce, "Yau ɗan gidan Jummai ne. Ku shirya kunnuwanku."

Shekara biyu ya yi a kwalejin aikin gona, ya dawo da takardar shaida da ɗan buhun irin gero mai saurin nuna. Irin nan ya shuka a gonar da mahaifinsa ya bar masa, a bakin hanyar Tsanyawa, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya gani. Mutane sun yi dariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Malam Ɗahiru na unguwar masallaci, mai gonar da ke manne da ta Sama'ilu, layin gamba kawai ya raba su. Shi ya raɗa wa irin suna "geron boko", sunan kuwa ya bi gari. Sama'ilu ya san abin da ya ɗora wa kansa. In gonar ta yi kyau, baɗi rabin garin zai nemi irin, a rage yunwar tsakiyar damina. In ta lalace, sai ya yi furfura kafin wani ya sake sauraronsa a kan maganar noma.

Yanzu geron ya ɗago, ciyawa kuma tana biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Ba damar feshi, don maganin da zai kashe harƙiya zai haɗa da geron. Sai fartanya. Matasan majami'a ashirin da uku ne ke gayya bi da bi, kuma dokarsu ba ta da wuyar fahimta: mai gona shi ke ciyar da 'yan gayya, wanda kuma ya bar ranarsa ta wuce ya koma ƙarshen layi, mako uku ke nan. Gonar Sama'ilu ba za ta jira mako uku ba.

Da aka gama waƙa ya miƙe, takardarsa a hannu, amma bai ko dube ta ba.

"An koya mana mu zama masu wadar zuci," in ji shi. "Gaskiya ne. Amma mu a garin nan mun ɗauki wadar zuci mun shimfiɗa ta kamar tabarma, mun kwanta a kai. Rufin nan na yoyo tun bara, kowa ya ja bencinsa gefe ya ce mun gode Allah. Bakin rijiya ya rufta, mun gode Allah. Maƙwabci na cikin wahala, sai mu ce Allah zai kawo masa mafita, mu wuce. Jama'a, wannan ba wadar zuci ba ce, mutuwar zuciya ce! Mai wadar zuci shi ne wanda ya yarda abin da Allah ya ba shi ya ishe shi, har ya sami sararin ɗaga kai ya ga ɗan'uwansa, ya sa shi a gaba. Ubangijinmu Yesu bai riƙe darajarsa ba, ya sauko ya yi wa mutane hidima har ya ba da ransa. Mu kuwa ko matsawa a benci sai an roƙe mu."

Ya yi ta yi har gumi ya keto masa, da sanyin safiyar nan. Dattijo Sabo, babban dattijon majami'a, ya yi gyaran murya sau uku kafin Sama'ilu ya ce a rufe ido a yi addu'a.

A waje, matasa na ɗaukar fartanyoyinsu daga gindin darbejiya, Larai ta tare shi. Taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, ita ke ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, kuma tun suna yara ba ta taɓa barin sa ya sha ruwa da daɗi ba.

"Furofesa, yau ka yanka mu ba wuƙa," ta ce. "Har Inna Ladi ta farka daga gyangyaɗi."

"Ai don irinku na yi."

"Mun ji, mun kuma tuba. To, gonar wa muka nufa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ba ki san ranata ba ce?"

"Na sani. Jiya dai na biyo ta gonar Malam Ɗahiru zan je cin kasuwa. Sai da na sunkuya na buɗa ciyawa da hannu kafin na gane gero aka shuka a wurin."

Kowa ya san labarin. Kwana goma sha biyu da suka wuce babur ya kayar da Malam Ɗahiru a hanyar dawowa daga Tsanyawa, ƙafarsa ta karye, an yi masa ɗori yana kwance a zaure. 'Ya'yansa maza biyu suna aikin gini can birni a Bacirawa, matarsa Asiya kuma ba ta fita gona.

"Allah Ya ba shi lafiya," in ji Sama'ilu, ya saɓa fartanyarsa.

"Amin. Ni dai tambaya nake, ba ni da ilimi kamarka. Ɗan'uwan da za a sa a gaba, sai wanda ke zama a bencinmu, ko har da na bayan gamba?"

Wasu suka fara ƙunshe dariya.

"Larai, ba ki gane ba. Gonata ba tawa ba ce ni kaɗai. Gwaji ne. In ta yi kyau, garin nan duka zai amfana, har shi Malam Ɗahirun. In na bar ta yau, na cuci mutum ɗari don in taimaki mutum ɗaya."

Maganar ta yi ma'ana, shi kansa ya ji daɗin yadda ta fito. Sai Dattijo Sabo, wanda ke tsaye yana gyara hularsa, ya sa baki don ya raba gardamar.

"Ke Larai, bar yaron nan ya yi aikinsa. Layi layi ne, haka muka tarar. Kuma mutumin nan bai kira gayya ba, ba shi da abin ciyar da ku. Ku je abinku. Allah zai kawo masa mafita."

Sama'ilu ya tsaya cak. Kalmomin da ya gama yi wa kaca-kaca a ciki, ko rabin sa'a ba a yi ba, ga su an miƙo masa su a waje don su kare shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da ya ji su, sai da zuciyarsa ta yi sanyi ta ce madalla. Ya dubi gabas. Can ƙasan sama akwai wani duhu-duhu, irin wanda kan kwana ɗaya yana haɗuwa kafin ya sauko. Ya dubi matasan, mutum ashirin da biyu suna jiran bakinsa.

"Ku jira ni a nan," ya ce. "Kada kowa ya motsa."

Ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Jummai, a tsakar gida, hayaƙi ya turnuƙe. Kwana uku tana shirin gayyar nan. Ga kunun tsamiya a manyan robobi biyu, ga ɗanwake na tafasa, ga naman ɗan akuyar da ta sa Hadi mahauci ya zo ya yanka jiya, don duk wanda ya biyo ta gonar, ko daga wace unguwa yake, ya ci ba tare da tambaya ba.

"Inna, na yanke shawara. Gonar Malam Ɗahiru za mu nome yau."

Ta ajiye muciya. "Ka yanke?"

"E, Inna."

"Da akuyata ka yanke? Da hannuwan nan da suka yi kanta wurin daka? Kai ka yi wa'azi, ni ce zan biya kuɗin wa'azin?"

Bai taɓa tunanin haka ba. Yana ta lissafin abin da zai bayar, bai lura rabin kyautar ba tasa ba ce. Ya durƙusa a gefen murhu.

"Ki gafarce ni, Inna. Roƙo na zo yi, bakina ne ya riga ni."

"Kullum yana riga ka." Ta ɗaga murfin tukunya ta leƙa, ta mayar. "Mutumin da ya ce ka kawo mana geron boko. Har a gabana ya faɗa, a wurin niƙa."

"Shi."

"Ka san in ruwan can ya sauka, taka ta tafi?"

"Na sani."

Ta daɗe tana dubansa, sai kuma ta fashe da dariya, har ta share ido da bakin zane. "Ubanka ma haka yake, sai ya gama faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa. To, na yarda. Amma da sharaɗi. Abincin nan ba zai tafi gona daga gidan nan ba."

"To daga ina?"

"Kai da karatunka. Ka taɓa ganin an nome wa magidanci gona, abinci ya fito daga gidan wani? So kake ka nome masa ciyawa ka shuka masa kunya? Gobe ya kasa zama a kan dakali cikin sa'o'insa? Ni da Larai za mu bi da tukwanen nan ta bayan gari mu kai wa Asiya. In rana ta yi, abinci ya fito ta zaurensa, a cikin kwanukansa. Kai kuma ka ɗinke bakin nan naka."

Nan ne abin ya yi wa Sama'ilu wuya. A hanyarsa ta zuwa gida har ya hango kansa a gaban jerin tukwane, ana ratsa unguwar masallaci da su, mutane na fitowa kallo. Ya haɗiye hoton nan da ƙyar, ya ce, "To, Inna."

Malam Ɗahiru na kishingiɗe a zaure, ƙafar a miƙe cikin karan ɗori, carbi a hannu, rediyo na magana a gefensa.

"Salamu alaikum, Baba. Ya jiki?"

"Wa alaikumus salam. A'a, malamin gona ne da kansa? Jiki alhamdu lillahi. Ya geron boko? Ya fara turanci?"

"Yana gaishe ka. Baba, izini muka zo nema. 'Yan gayya na bakin gonarka."

Murmushin ya ɓace. "Ban kira gayya ba."

"Mun sani."

"To ku koma. Wallahi ba zan tara 'ya'yan mutane a rana in sallame su da ruwan randa ba. Ba a taɓa yi a gidan ubana ba."

Kafin Sama'ilu ya sami amsa, aka yi gyaran murya daga cikin gida. Muryar Asiya ce daga bayan ƙyaure. "Malam, ka bar su su yi. Maganar abinci tawa ce, ba taka ba."

"Ke da me?"

"Ka taɓa leƙa tukunyata? Ka ji da ƙafarka."

Ta ƙofar ciki ƙamshin naman akuya ya fara shigowa zauren. Malam Ɗahiru ya shaƙa, ya dubi ƙofar, ya dubi Sama'ilu. Gidansa ba akuya, ya fi kowa sani. Sama'ilu ya kafa ido a kan rediyo kamar labarin farashin taki ne ya fi komai damunsa a duniya. Tsohon ya ja carbi guda uku.

"Yau ba ranarka ba ce?" ya tambaya a hankali.

"An ɗan yi canji."

"Hmm." Ya kashe rediyon. "To ku nemo amalanke. Ba zan bar 'yan makaranta su kaɗai a gonata ba, ku sare min gero ku bar ciyawa."

Haka aka yi. Aka shimfiɗa masa katifa a amalanken shanu, aka kai shi gindin ƙirya a tsakiyar gonar, ya zauna kamar mai sarauta. Matasa suka jeru, kowa da kunyarsa. Wani ya ɗauko gangar majami'a, Larai ta dawo daga kai tukwane ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta ba da waƙa, aka amsa, fartanyoyi suka sauka a tare. Ƙasar na da laushi, ƙamshinta na tashi. Kafin hantsi samarin unguwar masallaci suka jiyo ganga, suka leƙo, kunya ta kama su, suka koma suka ɗauko nasu fartanyoyin. Layin ya kai mutum arba'in. Aka raba biyu ana tsere, mai kai ƙarshen kunya ya juyo ya yi wa na baya gwalo.

Malam Ɗahiru kuwa bakinsa bai huta ba.

"Kai mai jar riga, noma kake ko susa? Ke 'yar waƙa, waƙar ta yi, sai dai kunyarki ta karkace kamar tafiyar mashayi! Malamin gona, haka aka koya muku riƙon fartanya a kwalejin? A mayar maka da kuɗin makarantarka!"

"Baba, in ƙafar ta warke ka zo ka nuna mana!" in ji Larai.

"Da ƙafa ɗaya ma na fi ku!"

Sama'ilu na noma yana dariya, amma duk sanda ya kai ƙarshen kunya ta wajen gamba sai idonsa ya tsallaka. Ga tasa gonar can, kore shar, rabin koren ba nasa ba ne. Sau biyu ya ji kamar ya ce a raba mutanen nan, rabi su tsallaka. Gonar Malam Ɗahiru babba ce, ciyawar kuma ta yi ƙarfi, in aka raba ba wadda za a gama. Ya sunkuyar da kai ya kama sabuwar kunya. Can wajen azahar ya lura ya daina leƙen. Bai san lokacin da ya daina ba. Abin da ya sani kawai shi ne bayansa na ciwo, muryarsa ta dushe da amshi, kuma rabon da ya ji zuciyarsa sakayau haka tun kafin ya tafi makaranta.

Abinci ya fito ta zauren Malam Ɗahiru, a kan kawunan matan unguwar, cikin kwanukan Asiya masu fure. Masu salla suka yi salla a gefen gona, 'yan majami'a suka yi addu'ar godiya, aka zauna aka ci. Wani saurayi ya ɗaga ƙashi ya ce, "Malam, Allah Ya ƙara arziki, wannan akuya ta sha kiwo!"

"Ci ka yi shiru," in ji Malam Ɗahiru, bai dubi kowa ba.

Da la'asar sakaliya aka kai kunyar ƙarshe. Larai ta rangaɗa guɗa, aka ɗaga fartanyoyi sama. Ana mayar da tsohon gida iska ta fara kaɗawa.

Ruwan ya sauka ranar Lahadi ana tsakiyar sujada, ya yi kwana uku yana yi yana ɗaukewa. Ranar Laraba Sama'ilu ya shiga gonarsa, shi da Inna Jummai da Larai, ƙasa na kama fartanya, ciyawar da aka sare tana sake kama ƙasa a bayansu. Kwana shida suna fama. Suka ceci ɓangaren tudu, wajen hanya. Ɓangaren gangare kuwa harƙiya ta shaƙe shi, geron ya yi rawaya ya tsaya. Sama'ilu ya tsaya a kan iyakar yana kallo, abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba.

"Ka yi nadama, Furofesa?" Larai ta tambaya, wannan karon ba da tsokana ba.

"Ina jin zafin rabin can," ya ce. "Amma wannan rabin ya ishe ni. Allah kuwa, ya ishe ni."

A taron matasa na gaba ya kawo shawarar a riƙa fara layin gayya da marasa lafiya da gwauraye, a haɗa abincin daga gidaje. Aka yi sa'a biyu ana musu. Dattijo Sabo ya ce ba haka aka tarar ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Aka amince da marasa lafiya, aka ɗage maganar gwauraye zuwa baɗi. Sama'ilu ya fito yana faɗa shi kaɗai har gida.

Ɓangaren tudun ya nuna tun sauran gonaki na fitar da kai. Masu zuwa kasuwa suka riƙa rage gudun babur suna kallo. Ranar da Sama'ilu ya karyo zangarniyar farko, ya gasa tumu a murhun Inna, ya naɗe a takarda tare da wasu ɗanyu guda huɗu, ya nufi unguwar masallaci. Malam Ɗahiru na zaune a dakali, sanda a gefensa, abokansa uku na tare da shi.

Malam Ɗahiru ya karɓi tumun ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya watsa a baki. Ya daɗe yana tauna.

"Yaya, Baba?"

"Ba laifi. Gishirin boko ya ɗan yi kaɗan." Ya miƙa wa na kusa da shi, sannan ya jawo ɗanyun ya auna ɗaya a hannu, ya bi tsawonta da yatsa. "Waɗannan fa?"

"Na kawo ne a gasa wa Inna Asiya."

"Kai, ba ka da hankali? Wa ke gasa iri?" Ya cusa su a aljihun rigarsa, kawunan na leƙowa. "In ka yi girbi, ka ware min tiya biyu. Kuma kada ka ba Alhaji Uwais kafin ni, ga shi nan yana zare ido."

"Ni na riga ka tambaya a zuciyata," in ji Alhaji Uwais.

Sama'ilu ya zauna a ƙasa kusa da dakalin, ya fara yi musu bayanin tazarar shuka da lokacin zuba taki, hannuwansa na yawo a iska. Ya yi nisa sosai kafin Malam Ɗahiru ya ɗaga sanda ya taɓa masa gwiwa.

"A hankali, malamin gona. Maimaita daga wurin takin."